Neman sirdin da zai zauna wa dokin dogon zango mai wuyar baya

Mai Bidi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na kawo muku wata damuwa da ta kai wata takwas tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina da doki bidi mai shekara tara, wanda na sayo a kasuwar Maigatari shekara biyu da suka wuce, kuma ban saye shi don hawan Sallah ba, na saye shi ne don tafiyar dogon zango. Sau uku a mako nakan fita kilisa da shi bayan sallar asuba, mu bi ta Wusasa mu zaga gindin dutsen Kufena mu dawo, wata rana kilomita 25, wata rana 30, kuma burina shi ne mu kai matsayin da zai ci kilomita 80 a wuni guda, wato kusan nisan Zariya zuwa Kaduna, ba tare da ya tagayyara ba. Numfashinsa lafiya lau, kofatonsa kamar dutse, ƙafarsa ba ta taɓa kumbura ba. Bayansa ne ya gagare ni.

Ƙirarsa ita ce matsalar. Gajeren baya gare shi, tudun kafaɗarsa kuma dogo ne mai tsini, a bayan kafaɗun akwai kwari hagu da dama, daga nan sai haƙarƙarinsa ya buɗe kamar tulu. Sirdi uku na gwada masa. Na farko sirdin gargajiya ne da na gāda a wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, sai ya yi masa tsawo har ya hau kwankwaso ya cinye gashin wurin. Na biyu sirdin folo ne na gwanjo, ya matse shi a bayan kafaɗu, yanzu haka akwai tabon farin gashi guda biyu a wurin, kowanne kamar faɗin bakin kofin shayi. Na uku na nemo mai faɗi da gangan, shi kuma ya nutse ya zauna a kan ƙashin tudun kafaɗa har ya yi masa miki. Na ninka bargo, na ƙara soso a ƙarƙashi, abin sai ƙara lalacewa ya yi. Dokin da a dā yake miƙo wuya in ya hango ni da linzami, yanzu da ya ga sirdi sai ya kwantar da kunne, in na zo ɗaure majayi ya juyo da haƙora. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin doki.

Dattijon Barga, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a yi maganar sirdi na huɗu, ka rataye ukun nan duka, kada ka sake ɗora masa komai sai mikin ya warke sarai kuma ya daina lanƙwasa baya in ka shafa shi. Ka riƙa jan sa da ragama a ƙasa safe da yamma don kada jikinsa ya mutu. Sannan ina so ka cire laifi daga kan sirdin mahaifinka. Na san irin dawakin da mutanen wancan lokaci suke hawa, ingarmu ne masu dogon baya, kuma da ganin wannan sirdi an sassaƙa shi ne a kan irinsu. A bargar da na tashi, ba a ɗaukar sirdin wani doki a aza wa wani sai babba ya zo ya duba da hannunsa.

Hajiya Likita, Samaru:
Malam, Allah ya ba dokinka lafiya. Maganar Baba ta hutu ita ce farkon magani, kuma zan so likitan dabbobi ya ga mikin da idonsa, domin rauni a kan tudun kafaɗa yakan yi zurfi fiye da yadda ake zato, ga ƙuda kuma a wannan lokaci na damina. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ba shi da nisa da kai.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke ƙarƙashin fatar, domin shi ne zai nuna maka inda kowane sirdi ya kuskure. Yawancin dawaki suna da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma iyakar wurin da baya ke iya ɗaukar nauyin mahayi shi ne daga bayan allon kafaɗa zuwa haƙarƙari na ƙarshe. Abin da ya wuce nan kwankwaso ne, babu haƙarƙarin da ke tallafe shi. Ka lalubo haƙarƙarinsa na ƙarshe da yatsa, ka bi shi sama har ƙashin baya, ka sa alama da alli; duk sirdin da nauyinsa ya ƙetare wannan alama ya yi masa tsawo. A cikin dawakin Larabawa, waɗanda su suka mamaye gasar dogon zango a duniya, ana samun masu haƙarƙari 17 kacal, shi ya sa gajeren baya sananniyar damuwa ce ga masu wannan wasa.

Ta gaba kuwa, allon kafaɗa ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Duk lokacin da doki ya miƙa ƙafar gaba, saman allon yana juyawa baya. Ka sa wani ya ɗaga masa ƙafa ya jawo ta gaba alhali tafinka na kan kafaɗar, za ka ji ƙashin yana zamewa a ƙarƙashin hannunka. Idan icen sirdi ya zauna a kan hanyar wannan ƙashi, kowane taku sai sun yi karo, kuma a tafiyar kilomita 30 taku dubbai ake magana. Farin gashin nan shaida ce cewa matsi ya daɗe yana hana jini zagayawa a wurin har ya lalata abin da ke ba gashi launi, kuma galibi ba ya komawa yadda yake. Ina kuma zargin cewa kwarin da kake gani a bayan kafaɗunsa ba duka halitta ba ne, wani ɓangare tsoka ce ta zaizaye saboda matsi. Game da bargo da soso, ka ɗauka takalmi ne ya matse ka sai ka ƙara safa biyu: wurin da ya yi kaɗan ka ƙara cikewa.

Ɗan Folo, Sabon Gari:
Da izinin Baba da Hajiya. Ni a ganina, Malam, ka daina wahalar da kanka da sirdin ice. Akwai sirdin Wintec wanda ake kwance ƙarfen gabansa a sauya da mai faɗi ko matsattse gwargwadon dokin, ba fata ba ne ballantana ruwan sama ko zufa su lalata shi, kuma ba shi da nauyi. Akwai kuma sirdin da ba shi da ice a ciki sam, wanda yake bin ƙirar bayan doki kamar tabarma, masu dogon zango da yawa a Turai da Amurka suna amfani da shi. Sirdinmu na gargajiya na ado ne, na hawan Daushe da hawan Bariki, inda za a yi 'yan sa'o'i ana takama a hankali a sauka. In ka haɗa shi da jalala da sauran kaya, nauyinsa kaɗai ya isa ya gajiyar da doki kafin a je ko'ina.

Dattijon Barga, Ƙofar Doka:
Ɗana Ɗan Folo, a nan ban yarda da kai ba. Kai ka san sirdin nan a ranar Sallah, an lulluɓe shi da kayan ado, sai ka ɗauka don ado aka ƙirƙire shi. Kafin mota da jirgin ƙasa, da me manzannin Sarkin Zazzau suke zuwa Kano da Sakkwato? Da me hakimai suke zagaya ƙasarsu kwana da kwanaki? A kan wannan sirdi ne. Ka tuɓe masa jalala ka kifa shi ka duba cikinsa, za ka ga alluna biyu masu faɗi da suke kwanciya hagu da dama, tsakiya kuma a buɗe don kada komai ya taɓa ƙashin baya. Faɗin nan shi ke raba nauyin mutum a wuri mai yawa. Sirdinku na folo an yi shi ne don zagaye na minti bakwai, a sauka a sauya doki, kuma ga abin da irinsa ya yi wa dokin bawan Allah nan. Ban ce kowane sirdin gargajiya mai kyau ba ne, domin yanzu akwai waɗanda ake sassaƙawa barkatai don kasuwa, da ɗanyen ice, ƙira ɗaya ga kowane doki. Amma wannan laifin gaggawa ne da neman araha.

Ɗan Folo, Sabon Gari:
Allah ya ƙara girma, Baba, na karɓi gyara a kan tarihi, kuma gaskiya ne zagayen folo minti bakwai ne. Sai dai ina nan a kan bakana game da nauyi da kuma zama. Kwacciyar gaba da ta baya, wato tudun gaban sirdin da na bayansa, suna riƙe mutum cif, ba ya samun damar tashi a kan likkafa in doki na sassarfa, alhali a dogon zango yawancin tafiyar sassarfa ce, kuma tashin nan shi ke sauƙaƙa wa bayan doki.

Hajiya Likita, Samaru:
Wannan magana ta ƙarshe tana da ƙarfi, kuma duk wanda zai yi wa Malam sirdi ya kamata ya riƙe ta. Amma shawarwarinka biyu na farko ina da ja a kansu game da wannan doki musamman. Sauya ƙarfen gaba yana gyara faɗin bakin sirdi ne kawai, ba ya rage tsawonsa, ba ya kuma sauya lanƙwasar cikinsa daga gaba zuwa baya. Idan cikin sirdi miƙaƙƙe ne alhali bayan doki yana da ɗan lotsawa, sai ya zauna a gaba da baya ya bar tsakiya a sama kamar gada, nauyin duka ya taru a wuri huɗu. Idan kuma sirdin ya fi bayan lanƙwasa, sai ya riƙa lilo. Shi kuwa marar ice, ya fi dacewa da doki mai cikakken baya da mahayi marar nauyi. A kan doki mai tsinin tudun kafaɗa irin wannan, ba abin da zai ɗaga nauyi daga kan ƙashi sai shimfiɗa ta musamman, kuma inda aka rataye likkafa yakan zama wurin matsi in mutum ya daɗe a tsaye a kanta.

Abin da Baba ya faɗa game da alluna masu faɗi, sojojin doki na wasu ƙasashe ma a kansa suka tsaya. Sirdin McClellan da sojan Amurka suka ɗauka a 1859, da na sojan Ingila samfurin 1902, dukansu alluna biyu ne da rami a tsakiya, domin an yi su ne don dokin da zai wuni yana tafiya gobe ma ya tashi. Gasar Tevis ta Kalifoniya, wadda aka fara a 1955, mil 100 ce, kusan kilomita 160, a cikin sa'a 24, kuma a irin waɗannan gasa likitoci suna tare doki a zango-zango. A dokar hukumar wasannin doki ta duniya sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti kafin a bar shi ya ci gaba, sannan a duba tafiyarsa, a latsa bayansa, a duba inda majayi ya bi. Doki yana iya zama a gaba da kowa a fitar da shi saboda ciwon baya kaɗai.

Baduku, cikin birni:
Ranku ya daɗe. Ni ba mahayi ba ne, amma aikin sirdi da linzami na gāda, kuma abin da ya fi ba mu wahala shi ne mutum ya zo ya ce a yi masa sirdi, in ka tambaye shi dokin sai ya ce matsakaici ne. Malam, in ba za ka iya kawo dokin ba tukuna, ga yadda za ka kawo mana bayansa. Ka nemi waya mai kauri wadda take lanƙwasuwa ta tsaya yadda aka bar ta, tsawon kamu uku. Ka tsayar da shi a daidaitaccen wuri, ƙafafu huɗu a jere, kai a miƙe. Ka auna yatsu uku daga ƙarshen allon kafaɗa, ka ɗora tsakiyar wayar a kan ƙashin baya, ka danna ta ta kwanta a jikinsa hagu da dama, ka ɗauke ta a hankali ka zana a kwali, ka rubuta hagu da dama. Ka maimaita a tsakiyar baya, ka maimaita a kan haƙarƙarin ƙarshe da Hajiya ta ce, sannan ka kwantar da wayar a bisa tsawon baya tun daga tudun kafaɗa har kwankwaso. Da waɗannan kwalaye huɗu masassaƙi zai fitar da ice gajere, mai dogon baki a gaba, kuma za a iya rage kwacciyar ta yi ƙasa yadda za ka tashi a kan likkafa ba ta tokare ka ba.

Huhun da ke ƙarƙashi kuma, wato matashin da ke tsakanin icen da bayan doki, kada a cusa masa soson katifa, domin yana riƙe zafi, kuma bayan 'yan makonni ya mutu ya zama kamar fai-fai. Mu nan Zariya audugar rimi muka saba da ita, ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa, sai dai tana kwanciya da sauri, dole a riƙa buɗewa ana ƙarawa. Gashin tumaki da aka wanke aka shaƙe ya fi ta juriya in an samu. Ni nakan bar baki a ɗinkin huhu daga ciki, don in bayan doki ya sauya a zare ko a ƙara ba sai an farke duka ba. Kuma zai sauya, domin dokin da ya ƙoshi da ɗanyar ciyawa a watan Agusta ba shi ne za ka auna a watan Maris yana cin harawa da dusa ba.

Mai Bidi, Tudun Wada:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Likita ya duba mikin, ya wanke ya ba da magani, ya ce bai kai ƙashi ba. Jiya da yamma na yi awon waya tare da yaron da ke kula da shi, kuma na ga abubuwa biyu da suka tayar mini da hankali. Na farko, da na ninka kwalin gaba biyu, gefen dama ya fi na hagu faɗawa ciki da kusan santimita ɗaya da rabi. Na biyu, da na aza sirdin folo a bayansa ba shimfiɗa, ba majayi, don in gwada kawai, sai na gane cewa duk tsawon lokacin nan a kan kafaɗa nake ɗaure shi, saboda tsoron kada ya taɓa kwankwaso. Da na tura shi baya har ya tsaya da kansa, ya koma da kusan faɗin tafin hannu. Na kuma cire igiyoyin likkafa na jera su a ƙasa, sai ga ta hagu ta fi ta dama tsawo da yatsa biyu, ko da yake a rami ɗaya nake sa su.

Ɗan Folo, Sabon Gari:
Wannan ta hagu hawa ne ya ja ta, domin a kanta kake ɗora nauyinka duka kullum in za ka hau. Mu mukan musanya su hagu da dama lokaci-lokaci, kuma ka riƙa hawa daga kan dakali ko turmi, don kada ka riƙa fizgo sirdin gefe guda. Mai yiwuwa ka daɗe kana zaune a karkace ba ka sani ba.

Dattijon Barga, Ƙofar Doka:
To, ka ga abin da hannu yake ganowa. Shawarata ga mai ɗinki ita ce kada a sassaƙa icen a karkace don a bi ramin dama. A yi ice daidai, a cike ramin da huhu, domin in tsokar ta dawo za a zare abin da aka ƙara, amma karkataccen ice zai riƙe dokin a karkace har abada.

Hajiya Likita, Samaru:
Na goyi bayan Baba ɗari bisa ɗari a nan. In sirdin ya zo, Malam, ka gwada shi da kai a kai, ba a tsaye kawai ba. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin bakinsa da tudun kafaɗa bayan ka zauna, gefe da gefe ma kada ya taɓa. Ka fara da gajeriyar tafiya da farin ƙyalle mai tsabta a ƙarƙashi, in kun dawo ka duba zufa: ana so ta jiƙe ko'ina daidai hagu da dama, layin ƙashin baya ya fito ba datti. Ƙaramin wuri busasshe a tsakiyar jiƙaƙƙen baya alama ce ta matsi. Washegari da safe ka sake shafa bayan, domin kumburi yakan ɓoye sai jiki ya huce.

Mai Bidi, Tudun Wada:
Salamu alaikum. Yau mako bakwai ke nan da maganarmu, na ga ya wajaba in dawo da bayani. Mikin ya warke, gashi ya fara tsirowa. An sassaƙa sabon ice a kan kwalayen nan, ya fi na mahaifina gajarta, kwacciyar baya ƙasa-ƙasa, aka cika huhun da gashin tumaki, aka ɗan ƙara a dama ta gaba. Sau huɗu na hau, mafi nisa kilomita 12. Ranar farko ya kwantar da kunne da ya ga sirdin, amma jiya na ɗaure majayi yana cin dusarsa bai ɗago ba, kuma a gangaren da ke bayan Wusasa, inda a dā yake taƙaita taku yana noƙewa, ya sauka da sakakkiyar kafaɗa. Sai dai ƙyallen ya nuna busasshen wuri guda a dama, ƙasa kaɗan da tsohon tabon, kamar girman ƙwan kaza. Da safe ban ji kumburi ba, amma fatar wurin ta ɗan motsa da na danna.

Baduku, cikin birni:
Ranka ya daɗe, to cikon da aka yi a dama ne ya yi yawa, ko kuma ya dunƙule wuri guda. Kada ka ƙara nisa tukuna. Ranar Asabar ka hau shi tafiyar sa'a ɗaya ka biyo ta wurin wanda ya ɗinka maka kai tsaye, kada ka kwance sirdin a hanya, kada kuma a wanke dokin, domin ya ga zufar da idonsa kafin ta bushe. Ka riƙo kwalayen farko da wayar, a sake awo a ga ko ramin ya fara cikowa.